Salsalar Gidan Malayawa: Uba a Rubuce, Uwa a Ɓoye

A ƙasar Malesiya akwai gidaje uku da duk mai bin tarihin ƙasar ya san su, kuma in sunaye kaɗai za a duba, babu abin da ya haɗa su. Na farko gidan Ungku ne, reshen sarautar jihar Johor, wanda ya fitar da Ungku Abdul Aziz, masanin tattalin arzikin da ya shugabanci Jami'ar Malaya daga 1968 zuwa 1988, da 'yarsa Zeti Akhtar Aziz, wadda ta riƙe babban bankin ƙasar daga 2000 zuwa 2016. Na biyu gidan sharifan al-Attas, wanda ya fitar da 'yan'uwa biyu malamai, Syed Hussein Alatas da ƙanensa Syed Muhammad Naquib al-Attas. Na uku gidan Dato Onn Jaafar, wanda ya kafa jam'iyyar UMNO a 1946, mahaifin Hussein Onn, firayim minista na uku, kuma kakan Hishammuddin Hussein da ya daɗe yana minista. Ɗaya gidan sarauta, ɗaya gidan Larabawan Hadramaut ta ƙasar Yaman, ɗaya gidan fadawa masu jinin Bugis, wata ƙabila daga tsibirin Sulawesi. Amma duk tsatson mace ɗaya ne.

Sunanta Rukayya Hanim. Daga yankin duwatsun Kaukasus ta fito, yawancin masu ba da labarinta suna danganta ta da ƙabilar Sharkas, mutanen da Rasha ta fatattaka daga ƙasarsu a wajen 1864, suka bazu cikin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Ta fadar Santambul ta iso Johor a zamanin Sarki Abu Bakar, wanda ya ƙulla zumunci da sarkin Turkiyya. An fara aurar da ita ga Ungku Abdul Majid, ɗan'uwan sarki, ta haifi Ungku Abdul Hamid, mahaifin Ungku Aziz. Bayan rasuwarsa ta auri Syed Abdullah al-Attas, ta haifi Syed Ali, mahaifin malaman nan biyu. Aurenta na uku da Dato Jaafar bin Muhammad ne, babban ministan Johor na farko, kuma a ɗakinta aka haifi Onn a 1895. Wato mutumin da ya tara Malayawa suka bijire wa tsarin haɗakar Malaya (Malayan Union) da Ingila ta so ƙaƙaba musu a 1946, wanda aka riƙa rera kirarin "Hidup Melayu", wato Malayawa su daɗe, a bayansa, ɗan baƙuwa ne daga Kaukasus. Alhazan Najeriya ma suna da ɗan alaƙa da wannan gida ba tare da sun sani ba: shawarar Ungku Aziz ce ta haifar da asusun adashin aikin hajji na Tabung Haji a 1963, wanda ake yawan kafa misali da shi idan ana maganar adashin gata na alhazai a Najeriya.

Abin lura a nan shi ne, da mutum zai ɗauki salsalar kowane ɗaya daga cikin gidajen uku ya bi ta yadda aka saba bi, wane ɗan wane ɗan wane, ba zai taɓa cin karo da Rukayya ba. An san ta ne don ta shiga manyan gidaje, jikokinta kuma sun zama masu alƙalami. Dubban mata irinta sun shiga gidajen talakawa sun haihu sun rasu, babu wanda ya rubuta daga ina suka zo. Duk wahalar bin asalin gidan Malayawa daga nan take: kayan aikin da ake bin asali da su an yi su ne don su adana sunan uba da darajarsa, gaurayar jinin kuwa galibi ta ɗakin uwa ta shigo.

Gidan Sarki Abu Bakar kansa ya isa misali. Daga cikin matansa akwai Khadija Hanim, wadda ita ma ta Santambul ta zo. Akwai Wong Ah Gew, Basiniya, wadda ta musulunta ta koma Fatima, har aka raɗa wa garin Muar suna Bandar Maharani don girmama ta. Akwai kuma Cecilia Lange, 'yar wani ɗan kasuwar Denmak mai suna Mads Lange da ya zauna a tsibirin Bali ya auri Basiniya. Cecilia ta musulunta ta koma Zubaida, ita ce ta haifi Sarki Ibrahim wanda ya mulki Johor daga 1895 zuwa 1959. Sarkin Johor na yanzu, Ibrahim Iskandar, wanda ya hau kujerar sarkin Malesiya baki ɗaya a 2024, mahaifiyarsa Baturiyar Ingila ce. Duk da haka babu wanda ke tantama cewa wannan gidan Malayawa ne, ai su ne ma tsarin mulki ya ɗora wa kare addini da al'adun Malayawa.

Malayawa ba su da sunan dangi da ke bin zuri'a kamar na Turawa ko Sinawa. Mutum sunansa ne, sai "bin" ko "binti", sai sunan uba, kamar dai yadda muka sani a littattafan addini. Saboda haka daga uba zuwa ɗa sunan yana sauyawa. Onn bin Jaafar ya haifi Hussein bin Onn, shi kuma ya haifi Hishammuddin bin Hussein. A jika, sunan kaka ya riga ya fita daga takarda. Sunayen kuma 'yan kaɗan ne ake juyawa, Muhammad, Ahmad, Abdullah, Ismail, Hassan, ga laƙabin gida irin su Long, Ngah, Alang, Busu da ke nuna ko mutum ɗan fari ne ko auta, wanda sau da yawa shi jikoki suka riƙe suka mance sunan yanka. Mai bincike zai tarar da Ahmad bin Abdullah goma a ƙauye ɗaya cikin shekara ashirin.

Abin da kan tsira daga wannan sauyi shi ne laƙabin gado. Tengku, Tunku, Ungku da Raja na jinin sarauta ne. Syed da Sharifah na sharifai ne. Wan da Nik sun yawaita a Kelantan da Terengganu, Daeng na nuna Bugis, Megat kuwa a Perak asalinsa ɗan da uwarsa gimbiya ce ubansa ba basarake ba. Wanda gidansu ke da irin wannan laƙabi ya samu igiyar kamawa. Sai dai igiya ce guda, kuma kusan kullum ta wajen uba take bi.

Me ya sa gaurayar ta yi yawa haka? Mashigin Malaka ne hanyar jiragen ruwa tsakanin Indiya da Sin, kuma a zamanin jirgin filafilai iska ce ke yanke hukuncin tafiya: wata da watanni tana kaɗawa ta gefe ɗaya, sannan ta juya. Falken da ya iso dole ya zauna jiran juyawarta, mazauni kuma yakan yi aure. Bayan Fotugal ta ci Malaka a 1511, fatauci ya watsu zuwa Aceh, Johor, Patani da sauran tasoshi, aure ya bi shi. A farkon ƙarni na 18 sai ga Bugis daga Sulawesi, 'yan'uwa biyar da aka sani da Daeng Parani, Daeng Marewah, Daeng Chelak, Daeng Menambun da Daeng Kemasi. A 1722 suka taimaka wa Sarki Sulaiman ya hau gadon Johor da Riau, aka saka musu da muƙamin mataimakin sarki na gado, suka auri 'ya'yan sarauta. Ɗan Daeng Chelak, Raja Lumu, shi ya kafa sarautar Selangor a 1766. Wani jikan gidan, Raja Ali Haji, ya rubuta tarihinsu cikin Tuhfat al-Nafis, kuma wanda ya karanta shi da idon basira zai ga littafin salsala ne da aka rubuta don tabbatar da cewa Bugis suna da haƙƙi a sarautar Malayawa. Haka ma tsohon littafin sarakunan Malaka, Sulalatus Salatin, wanda ya kai asalinsu har ga Iskandar Zulƙarnaini. Salsala a can, kamar a ko'ina, takardar neman haƙƙi ce kafin ta zama ta tarihi.

Larabawan Hadramaut su ne suka fi kowa iya adana nasaba, su ne kuma suka fi nuna inda matsalar take. Maza ne ke fitowa daga Tarim da Seiyun, mata ba sa hijira. Duk wanda ya sauka a Palembang, Pontianak, Penang ko Singafo sai ya auri 'yar gari. Ɗansa Syed ne cikakke, haka jikansa, ko da kuwa kowace uwa a jerin Bajawa ce ko Bamalaya. 'Yarsa Sharifah kuwa ba a aurar da ita sai ga sharifi ɗan'uwanta, da hujjar kafa'a, wato daidaiton darajar miji da mata a aure. Wannan ta haifar da rikici babba a Jawa lokacin da wani malami ɗan Sudan, Ahmad Surkati, ya yi fatawa a 1913 cewa auren sharifiya da Musulmin da ba sharifi ba ya halatta; daga baya mabiyansa suka kafa ƙungiyar al-Irshad, sharifai kuma suka kafa Rabithah Alawiyah a 1928, wadda har yau tana da ofishin tantance nasaba a Jakarta. Sharifi na iya lissafo kakanni fiye da talatin ba tuntuɓe, amma a tambaye shi sunan mahaifiyar kakarsa sai ya yi shiru. Malaman al-Attas ɗin nan biyu a Bogor ta Jawa aka haife su, ɗaya a 1928 ɗaya a 1931, kakarsu ta wajen uba 'yar Kaukasus, mahaifiyarsu kuma tana da jinin sarakunan Sunda. Gidan sarautar Perlis ma, na Jamalullail, sharifan Hadramaut ne.

Musulmin kudancin Indiya sun bi hanya makamanciyar wannan, amma ba su samu irin darajar ba. 'Ya'yan da suka haifa da matan Malayawa a Penang da Singafo su ake kira Jawi Peranakan. Su ne suka fitar da jaridar Malayanci ta farko a Singafo a 1876. Munshi Abdullah, wanda ake ɗauka uban adabin Malayanci na zamani, haifaffen Malaka ne mai jinin Yaman da na Tamil, ya rasu a hanyar hajji a 1854. Sannan ga ɗimbin talakawa da suka tsallako daga tsibiran da ke Indunusiya a yau, musamman daga ƙarshen ƙarni na 19: Jawawa suka sare dazukan Batu Pahat da Sabak Bernam, Banjar suka yi noman shinkafa a Kerian, Mandailing da Rawa suka gudo daga yaƙin Padri na Sumatra, Bawean suka cika Singafo. Jawawa da yawa sun zo ne a hanyarsu ta Makka, ko sun dawo da bashin kuɗin jirgi suna biya da ƙwadago a gonaki. Ga mai bin salsala nan ma akwai tarko, domin Bajawe yakan zo da suna guda irin nasu, ya dawo daga hajji da sabon suna na Larabci, 'ya'yansa na fari suna ɗauke da tsohon, na baya suna ɗauke da sabon. A takarda sai ka rantse mutum biyu ne.

Akwai kuma waɗanda aka shafe da gangan, ko kuma don kunya. Wanda ya musulunta akan ce ya "masuk Melayu", wato ya shiga Malayu, kuma al'ada ita ce a rubuta shi bin Abdullah, mace binti Abdullah, sunan mahaifinsa na asali ya ɓace. A shekarun 1930 zuwa na 1950, lokacin karayar tattalin arziki da mamayar Japan, iyalan Sinawa matalauta sun ba da jarirai mata da yawa ga gidajen Malayawa. Aka raine su Musulmi, suka yi aure, suka zama kakannin da jikoki ke cewa "kakarmu fara ce sol" ba tare da ƙarin bayani ba. Shari'ar Maria Hertogh, yarinyar Holan da wata Bamalaya ta raina da sunan Nadra, wadda mayar da ita ga iyayenta ya jawo tarzomar da ta ci rai 18 a Singafo a 1950, ta yi ƙaurin suna ne don Baturiya ce; riƙon kansa abu ne da aka saba. A ƙasa da waɗannan duka akwai bayi: mutanen daji na Orang Asli da aka kamo, Batak, Nias, Bali, da waɗanda bashi ya mayar bayi. Sai a ƙarshen 1883 aka soke bauta a Perak, wasu jihohin ma sun fi haka jinkiri. Ƙwarƙwarar da ta haifa wa basarake ɗa ta shiga zuri'a, amma sunanta bai shiga salsala ba. A ganina wannan ne ya sa idan ka saurari hirar asali a can za ka ji gidaje da yawa suna da kaka Balarabe ko jarumin Bugis, amma da wuya ka ji mai kaka baiwa. Ba ƙarya suke yi ba, zaɓe ne aka yi musu tun kafin a haife su.

Takardun gwamnati ba su cika taimakawa ba sai a baya-bayan nan. Yarjejeniyar Ingila da Holan ta 1824 ta raba yankin gida biyu, saboda haka gida ɗaya yakan samu rabin tarihinsa a ma'ajiyar Kuala Lumpur ko Landan, rabi a Jakarta ko Heg, da harsuna daban-daban. Rajistar haihuwa ta makara wajen isa ƙauyuka, katin shaida kuma sai a 1948 aka soma shi saboda dokar ta-ɓaci, inda tsofaffi da yawa aka ƙiyasta musu shekaru da ido. Takardun aure na alƙalai da wasiƙun gida da rubutun Jawi aka yi su, ajamin Malayanci ke nan, wanda jikoki da yawa da suka tashi da boko ba sa iya karanta rubutun hannunsa. Kaburbura da yawa dutse ne kawai ba suna. Ƙidayar Turawa kuwa ita ce ta fi ban sha'awa. A ta farko, ta 1871, a Penang, Malaka da Singafo, an lissafa Malayawa daban, Jawawa daban, Bugis, Bawean, Aceh, Larabawa da Jawi Pekan kowa da layinsa. Zuwa 1891 an soma tattara 'yan tsibirai ƙarƙashin babban kai guda tare da Malayawa. A hankali mutane suka koyi amsa sunan da takarda ta ba su.

Jiha ɗaya ce ta juya lissafin. A Negeri Sembilan, inda Minangkabau daga Sumatra suka zauna, al'adar perpatih ta wajen uwa take bin dangi. Mutum ɗan zuriyar uwarsa ne, cikin zuriyoyi goma sha biyu, gonar gado daga uwa take sauka ga 'ya, kuma ba a aure cikin zuriya ɗaya. Sunayen zuriyoyin kansu taswira ce: Payakumbuh da Tanah Datar wurare ne a Sumatra, Anak Aceh da Anak Melaka sun faɗi inda suka fito, Biduanda kuma ana danganta ta da matan mazauna ƙasar na asali. A can ana iya bin kaka mace har nesa, kakan namiji ne baƙon da ke shigowa ya fita.

Duk wannan da zai tsaya a hirar tsofaffi da ba don doka ta shigo ba. A 1913 Turawa suka yi dokar keɓe wa Malayawa filaye, sai ya zama dole a fayyace wane ne Bamalaye. Jihohi suka bambanta. Kedah, alal misali, ta yarda da wanda ɗaya daga iyayensa Balarabe ne. A shekarun 1930 jaridu suka ɗauki zafi kan "Melayu jati", Bamalaye tsantsa, ana yi wa masu jinin Larabawa da na Indiya shaguɓe da gajerun haruffa DKA da DKK, ana ƙorafin sun kankane shugabanci da jaridu. Abin dariya, Warta Malaya da Onn Jaafar ya yi wa edita mallakar gidan Alsagoff ce, sharifan Singafo. Shi kuma Onn a 1951 ya bar jam'iyyar da ya kafa saboda ta ƙi buɗe ƙofa ga waɗanda ba Malayawa ba.

Tsarin mulkin 1957 ya yanke maganar ta hanyar da ta kauce wa jini. Sashe na 160 ya ce Bamalaye shi ne Musulmi mai magana da Malayanci a al'adance, mai bin al'adun Malayawa, wanda shi ko magabacinsa yake da tushe a Malaya ko Singafo kafin ranar 'yanci, 31 ga Agusta 1957. Sashe na 153 kuma ya ba Malayawa matsayi na musamman a guraben karatu, aikin gwamnati da lasisi, abin da aka faɗaɗa bayan tarzomar ƙabilanci ta 13 ga Mayu 1969. Ma'anar tana da faɗi, kuma dole ta yi faɗi, tunda firayim minista na farko, Tunku Abdul Rahman, mahaifiyarsa 'yar Siyam ce, wato Thailand ta yau, a cikin waɗanda suka biyo bayansa kuma Tun Razak jinin Bugis, Hussein Onn jikan Rukayya, Mahathir yana da asalin Indiya ta wajen uba, Abdullah Badawi kuma kakansa na wajen uwa Musulmin Sin ne daga Hainan. Amma faɗin doka bai hana gori ba. A 2017 Ahmad Zahid Hamidi, mataimakin firayim minista a lokacin, wanda shi kansa jinin Jawa ne, ya tsokani Mahathir da asalinsa na Indiya a taron jam'iyya. A shekarar kuma Mahathir ya jingina firayim minista na lokacin, Najib Razak ɗan Tun Razak, da 'yan fashin teku na Bugis, maganar da ta fusata Sarkin Selangor. Inda asali ke da alaƙa da rabon arziki, tono shi ba ya zama wasa, kuma wasu gidaje sun gwammace a bar kaza cikin gashinta.

Gwajin ƙwayoyin halitta da matasa ke aika yawu a yi musu bai warware abin ba. Yakan nuna kaso na kudancin Asiya ko na Sin ko na Gabas ta Tsakiya, wanda ke tabbatar da raɗe-raɗin gida, amma ba ya ba da suna ko ƙauye, kuma yakan cure mutanen tsibiran wuri guda. Gwajin layin uba zalla da na layin uwa zalla kuwa, idan aka koma baya hawa goma na iyaye da kakanni, mutum biyu kawai suke nunawa cikin gurabe 1,024.

Wurin da ya fi ba da amfani shi ne wanda masu neman kaka basarake ba sa fara dubawa: takardun gado da na fili. Tun da Turawa suka shigo da rajistar filaye a ƙarshen ƙarni na 19, duk gonar roba ko shinkafa da mai ita ya rasu sai an sauya suna a ofis, rabon fara'ili kuma ba ya yiwuwa sai an lissafa kowane magaji. Matar mamaci tana da tumuni ko rubu'i, uwa tana da sudusi ko sulusi, 'ya'ya mata suna da kasonsu, don haka dole a rubuta su da sunayen iyayensu, har da matar da ke wani gari da uwargida ba ta so a ambata. Takardun waƙafi na masallatai da maƙabartu ma haka suke. A nan ne ake ganin "binti Abdullah" da ke nuna riƙo ko musulunta, a ga sunan Bajawe kafin hajji da bayansa a shafi ɗaya, a ga 'yar riƙon da aka yi wa kyauta ko wasiyya saboda ba ta cikin masu gado. Wanda ya haɗa waɗannan da abin da tsofaffin mata suka riƙe a ka, musamman laƙabin da ake kiran kakanni da shi, irin su Tok Jawa ko Nenek Cina, wato kaka Bajawe ko kaka Basiniya, yakan iya kai gidan talaka baya hawa biyar ko shida na iyaye da kakanni ta ɓangarorin biyu, zuwa wajen shekarun 1880, inda takardun filayen suka fara.